Farautar fizgar tirela: bayanan aikin sauya farantin ja

2 ga Maris

Abin da ke hannu: a-kori-kura mai dogon bodi, ƙafa 8, da tirelar tafi-da-gidanka mai aksil biyu, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin mota. Abin da ya haɗa su farantin ja ne mai tsaga ta baya, a zaune tsakiyar bodi, daidai saman aksil ɗin baya. Kinfin ɗin tirela, guntun ƙarfen nan mai kaurin inci 2 da ke leƙowa daga ƙarƙashin goshinta, shi ke shiga tsagar a kulle shi. Tsari ɗaya ne da na manyan tireloli masu dakon kaya, girma ne kawai ya bambanta.

Wajen riƙe hanya ba ni da ƙorafi. Tunda nauyi a kan aksil yake sauka, ba can bayan bamba ba, tirela ba ta wutsil-wutsil ko da babbar mota ta wuce mu da iskarta. Damuwata fizga ce. Da an hau titin kankare ko an tsallaka bakin gada, sai a ji an ja motar baya, an kuma ingizo ta gaba, wuya da kafaɗa suna bi. Tafiya ba ta yin nisa kowa a mota yake yin shiru, ba don hira ta ƙare ba.

Da na kasa kunne sosai, abu biyu nake ji. Akwai ƙara, “ƙwas”, duk lokacin da na tashi daga tsaye ko na taka birki: ƙarfe ne ke bugun ƙarfe. Akwai kuma kai-komo marar ƙara, mai zuwa a jere, wanda hanya ke tayarwa. Zatona cuta biyu ce, kowace da maganinta, kuma wanda ya haɗa su ya sayi magani ɗaya zai ga an yi ba a yi ba.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina: abu ɗaya zan riƙa sauyawa, in gwada, sannan in taɓa na gaba. Hanyar gwaji ɗaya ce, mai kankare, da gada, da gangare mai mahaɗa a ƙasansa. Gudu kilomita 90 a awa. Kaya ba za su sauya ba.

5 ga Maris

Kafin sifana, sikeli. Na je sikelin manyan motoci, wanda ke ba da nauyin aksil ɗin gaba, na baya da na tirela kowanne daban. Aka auna mu a haɗe, da kaya yadda muke tafiya da tankin mai cike. Na sauke tirela a gefe, aka sake auna mota ita kaɗai.

A haɗe: gaba kilo 2,200, baya 2,640, tirela 4,710. Mota kaɗai: gaba 2,180, baya 1,520. Mota ta ƙaru da kilo 1,140 ke nan, wannan shi ne nauyin da kinfin ke ɗora mata. Tirela gaba ɗayanta 5,850. Idan aka raba, kinfin yana ɗauke da kashi 19.5 cikin ɗari. Abin da aka saba so ga irin wannan tirela shi ne tsakanin kashi 15 zuwa 25, don haka rabon kaya bai da laifi. Kinfin da ya yi rashin nauyi yakan sa goshi ya riƙa tsalle a kan faranti, amma ba tawa matsalar ke nan ba.

Kilo 20 ɗin da aksil ɗin gaba ya ƙaru da su ya faranta mini rai. Yana nuna kinfin ya ɗan wuce tsakiyar aksil ɗin baya zuwa gaba, yadda ake so. Da a bayansa yake, da gaban mota ne zai rage nauyi, sitiyari ya yi sakayau. Takardar da ke manne jikin ƙofar direba ta ba aksil ɗin baya fiye da kilo 3,000, saboda haka akwai sauran wuri.

9 ga Maris

Yau neman rata muka yi, ni da ƙanena. Na sa wa tayoyin tirela waigi gaba da baya, na riƙe birkinta da hannu daga na'urar cikin mota, na riƙa sa giyar gaba da ta baya a hankali. Shi yana tsaye a gefen bodi, ba tsakanin mota da tirela ba, yana haska tocila. Waya kuma na ɗaure ta a bodi tana ɗaukar bidiyo.

“Yaya, tsaya. Sake yi. Ai ba wuri ɗaya ke motsi ba.”

Gaskiyarsa. Wuri uku ne. Na farko makullin kinfin. Tsohon farantin nan irin mai sanda ɗaya ne, wadda ke gittawa bayan kinfin ta tare shi. Ba ta rungume shi, tare hanya kawai take yi, don haka tun yana sabo akwai rata, shekaru kuma sun ƙara ta. A bidiyo ana ganin kinfin yana tafiya shi kaɗai kafin faranti ya san an motsa. Na biyu, inda kan faranti ke lilo a kan ƙafafunsa. Ramin ya ci, fil yana rawa a ciki. Na uku, ƙafafu huɗun da ke shiga ƙarafan gindi guda biyu da aka ɗaure a bodi. Ramukan fil ɗin sun daina zama da'ira, sun miƙe.

Kowace rata ita kaɗai ba ta taka kara ta karya ba, milimita kaɗan ce. Amma a jere suke, ɗaya na bin ɗaya, kuma abin da ke bi ta cikinsu kusan tan shida ne. Kafin mota ta fara jan tirela sai ta cinye ratar nan duka, tana cinyewa ta samu gudu, sannan ta ci karo da nauyin da ke tsaye. Ga “ƙwas” ɗin.

Kinfin kansa na goge shi na auna wuyansa: milimita 50.5. Sabo 50.8 ne. A ɓangaren manyan motoci akwai masu ƙera shi da ke cewa a sauya idan ya sauka ƙasa da 49. Nawa lafiya lau, ba tsagewa, ba lanƙwasa.

10 ga Maris

Na kankare tsohon giris da ya zama ƙasa, na sa faifan roba mai santsi tsakanin faranti da ƙarƙashin goshi, na shafa sabon giris a wuyan kinfin da makulli. Kukan da ake ji a kwana ya tafi, juyawa ta yi laushi. Fizga tana nan daram. Ban sa ran wani abu daban ba. Santsi ba ya cike rata.

Abin lura ga faifan nan: kaurinsa yana ɗaga kinfin sama kaɗan. A wasu farantai hakan kan hana makulli kama wuya daidai, don haka sai an duba takardar faranti kafin a sa.

16 ga Maris

Daidaita tsayi. Na samu fili shimfiɗaɗɗe, na auna daga ƙasa zuwa casis ɗin tirela a gaba da kuma a baya. Gaba ya fi baya da santimita 7. Tirela tana tafiya ne hanci sama. Motocin yanzu dogaye ne, bodinsu ya yi sama, shi ya sa wannan ya zama ruwan dare.

Illarsa ita ce nauyi yana komawa kan aksil ɗin baya na tirela, tayoyinsa su fi zafi, sifirin ɗinsa ya fi danne, ƙarfen da ke raba nauyi tsakanin aksil biyu kuma ya karkace tun ba a tashi ba, ya rasa rabin motsinsa. Gargada ta zo, babu inda za ta shige sai casis.

Ƙafafun faranti suna da jerin ramuka, tazarar kowanne kusan inci ɗaya. Sai dai ba a saukewa yadda aka ga dama. Tsakanin ƙarƙashin goshin tirela da saman bangon bodi ana son a bar aƙalla inci 6, wato santimita 15, domin ranar da za a shiga hanya mai gangare ta gefe ko a hau tudun shiga gidan mai, kada goshi ya zauna a kan bodi ya lotsa shi. Ina da santimita 20. Na sauke rami biyu, saura 15 cif. Bambancin gaba da baya ya dawo kusan santimita ɗaya.

A hanyar gwaji, tsallen bayan tirela ya ragu a madubi. Kai-komon ya ɗan sassauta, ba da yawa ba. Na rubuta tsayin faranti daga daɓen bodi, don sabo ya zauna a nan.

23 ga Maris

Zaɓen sabon faranti. Kasuwar nan cike take da alkawura, don haka na tsaya kan abin da ido ya gani ranar 9 ga wata.

Makulli iri uku ne. Mai sanda, wanda nake gudu. Mai muƙamuƙi biyu, masu haɗuwa daga hagu da dama su kewaye wuyan kinfin. Sai mai muƙamuƙi ɗaya lanƙwasasshe, wanda ke zagayo shi. Biyun ƙarshe duka suna kama kinfin ta ko'ina, kuma kauri da kyawun yankan ƙarfen sun fi adadin muƙamuƙin muhimmanci a wurina. Na riƙe samfuri a hannu, na sa kinfin na gwaji a ciki, na girgiza. Wanda ya yi ƙara na ajiye shi.

Kan faranti kuma, akwai mai lilo gaba da baya kawai, akwai mai ƙarawa da hagu da dama. Na biyun nake so. Idan mota ta karkata tirela ba ta karkata ba, kan ne zai bi, maimakon a murɗe casis. Haɗawa da saukewa a ƙasa marar daidai ma ya fi sauƙi. Na kuma nemi wanda kansa ke zaune kan bushin na roba mai tauri, ba ƙarfe kan ƙarfe ba.

Ƙarfin ɗauka a fam, wato awon nauyi na Amurka, ake rubuta shi. Tsohon 16,000 ne, kusan kilo 7,250, kuma ya ishi tirelata. Na ɗauki mai 20,000, wajen kilo 9,070, mai ɗaukar fam 5,000 a kan kinfin. Ba don in ƙara kaya ba. Babban faranti ba ya ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da kamfaninta ya rubuta. Mafi rauni a cikin jerin shi ke yanke hukunci. Na ɗauke shi ne don ƙarfensa ya fi kauri.

Faranti mai zamewa baya kuwa ban ko kalle shi ba. An yi shi ne don gajeren bodi, inda kusurwar tirela kan iya fasa gilashin bayan mota a kwana mai tsanani. A bodi mai ƙafa 8, daga bayan ɗakin direba zuwa aksil kusan inci 56 ne, rabin faɗin tirela kuma bai wuce 48 zuwa 51 ba. Akwai wuri. Abin zamewa ƙarin gaɓa ne, kowace gaɓa kuwa gidan rata ce nan gaba.

Na daɗe ina kallon farantai masu jakar iska, irin su TrailerSaver, waɗanda kansu gaba ɗaya ke shawagi a kan iska. Na yarda suna aiki. Amma suna da nauyi, suna cin wuri a bodi, kuma ban riga na san yawan abin da zai rage ba bayan an toshe rata. Sai na ga ƙarshen wannan tukuna.

30 ga Maris

Sakawa. Fil huɗu aka zare, muka raba kai da gindi, muka sauke tsohon faranti kashi biyu. Ko a rabe ba kayan mutum ɗaya ba ne.

Ƙarafan gindi ma na sauya su, tunda ramukansu sun miƙe; sa sabon faranti a tsohon rami gyaran gangar Auzinawa ne. Ma'auninsu ɗaya ne a kusan duk kamfanoni, don haka sababbin suka hau ramukan da ke bodi ba tare da an huda ko ɗaya ba. Ƙarafan da ke ƙarƙashi, masu kai nauyi ga casis ɗin mota, na wanke su na duba da tocila, babu tsagewa. Wanda zai fara daga farko ya tuna cewa daɓen bodi falle ne kawai, ba shi ke riƙe tirela ba. Ya leƙa ƙasa kafin ya huda, don tankin mai, bututun birki da wayoyi duk a nan suke. Casis kuwa ba a yi masa walda, ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa.

Abin da ya ci lokaci ƙananan ƙarafan cike gurbi ne. Daɓen bodi tudu da kwari ne, idan noti ya faɗo a inda akwai rami a ƙarƙashi aka ɗaure haka nan, falle zai lotse a hankali, ɗauri ya saki bayan 'yan watanni. Kowane noti sai da muka tura masa nasa, ƙanena a kwance a ƙasa yana turawa da ɗan yatsa, ni a sama ina riƙe da tocila a baki.

Dabara ɗaya: kada a ɗaure ƙarafan gindi tamau sai an zaunar da faranti a kansu, fil huɗun sun shiga ba tare da guduma ba. Sannan a bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifanar awon ɗauri, a kan adadin da takardar kamfani ta faɗa. Na ja layin fenti a kan kowanne, daga noti zuwa ƙarfen da yake zaune a kai. Idan ya juya, layi zai karye.

Haɗin farko: ƙofar bodi a sauke, tirela ta ɗan yi ƙasa da faranti domin goshi ya hau shi da kansa. Idan ta yi sama, kinfin kan iya zama a kan muƙamuƙi maimakon cikinsa, hannu ya rufe kamar komai daidai, a tashi tirela ta faɗo kan bodi. Na haska, na ga muƙamuƙi sun kewaye wuya, babu haske tsakanin faranti da goshi. Na sa fil ɗin hannu, na jona wayar fitilu da birki, na maƙala igiyar birkin gaggawa a jikin mota. Na ɗaga ƙafafun tirela kamar inci ɗaya daga ƙasa, na riƙe birkinta, na ja a hankali. Ta riƙe.

31 ga Maris

“Ƙwas” ya tafi. A mahaɗar ƙasan gangare na tsaya, na tashi, na sake taka birki da gangan, shiru. Mota da tirela suna tashi tare. A cikin gari, inda tsayawa da tashi suka fi yawa, mota ce daban.

A kan kankare kuwa kai-komo yana nan. Har ma zan ce ya fi fitowa fili, tunda babu ƙarar da ke rufe shi, kuma babu ratar da ke haɗiye farkonsa.

Na zauna da takarda na zana abin. Kinfin ya fi tsakiyar tayoyin tirela tsayi da kusan mita ɗaya. Idan tayar bayan mota ta hau tudu, kinfin ya ɗaga, tirela ta juya a kan tayoyinta. Abin da ke juyawa a kan gindi ba ya tafiya sama tsaye, baka yake yi, don haka kinfin yana hawa yana kuma komawa baya, ya ja mota. Yana saukowa ya tura ta. Jim kaɗan tayoyin tirela su iso tudun nan, su yi nasu. Kamar mutum biyu ne ɗauke da dogon gungume a kafaɗa: na baya ya yi tuntuɓe, na gaba ne zai ji a wuyansa.

Kankare yana tsananta abin saboda tsagoginsa a jere suke, galibi duk mita huɗu da rabi. A gudun kilomita 90, mota tana cin mita 25 a daƙiƙa, wato tsaga fiye da biyar, kuma aksil huɗu ne ke takawa. Idan bugun ya dace da yadda sifirin ke lilo, kowanne sai ya ɗora a kan na baya. Na gwada sauka zuwa 80, ya lafa sosai. Magani ne na kyauta, amma ba kullum hanya ke barin mutum ya zaɓi gudunsa ba.

6 ga Afrilu

Ƙananan gwaje-gwaje. Tankin ruwan sha rabi ya fi muni. Cike ko wayam sun fi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwan da ya samu fili sai ya yi ta kai da kawowa yana bugun bango.

Iskar tayoyin bayan mota na bar ta yadda takardar ƙofa ta ce a sa idan akwai kaya. Rage iska yana kawo laushi, amma taya mai ɗauke da nauyi da ƙarancin iska zafi take yi, ba na wasa da wannan.

Wani abokina ya ce in sa wa mota jakunkunan iska a baya. Suna da amfani idan gindin mota ya zauna har fitila na kallon sama. Tawa ba ta zauna haka ba, kuma ɗaga gindinta zai mayar da hancin tirela sama, ya rusa aikin 16 ga Maris.

13 ga Afrilu

Na koma ƙarƙashin tirela, domin rabin fizgar daga can take tasowa. An ɗaga ta da jak ta casis, aka zaunar a kan matokarai. Ba a sa jak a tsakiyar bututun aksil, yana lanƙwasawa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bushin ɗin da ke idon sifirin na farar roba ne siriri, kuma yawancinsu sun cinye. Ɗaya da na zaro, rabin zobe ne kawai ya rage, noti ya fara cin ƙarfen sifirin, ya yi masa sheƙi. Faifan da ke rataye sifirin ma ramukansu sun miƙe. Duk wannan ba a gani daga waje.

Tirela mai aksil biyu tana da irin waɗannan noti 14, bakwai kowane gefe. Na sauya su duka da masu ramin giris a ciki, da bushin na tagulla, da faifai masu kauri. Abu biyu ga mai yin aikin: ƙaramin ramin da giris ke fitowa ya kalli gefe, don idan ya kalli sama ko ƙasa nauyi zai toshe shi. Kan notin kuma yana da haƙora masu cizon ƙarfe, don haka a riƙe kai, a juya ɗaya ɓangaren. Ƙarfen rabon nauyi na tsakiya na sa mai roba a ciki.

A nan na karya sharaɗina da sanina, na sauya abu biyu a zama ɗaya, domin ba zan sake ɗaga tirelar nan don noti iri ɗaya ba.

Sakamako: bakin gada ya yi laushi. A da ana jin bugu huɗu, yanzu biyun ƙarshe sun dusashe. Kofunan da na bari a kan kantar cikin tirela don shaida suna nan inda na ajiye su.

20 ga Afrilu

Saura akwatin kinfin, wato ƙarfen da ke ɗauke da kinfin, wanda aka ɗaure da noti tsakanin fukafukai biyu a goshin tirela. Na kamfani sandararre ne, duk abin da ya zo masa yana miƙawa yadda yake.

Masu laushi iri-iri ne, kowane kamfani da nasa. MORryde suna sa roba mai kauri wadda ke barin farantin kinfin ya ɗan zame gaba da baya. Trailair suna da mai jakar iska da shokazoba, wanda ya fi kula da sama da ƙasa. Demco na lilo ne a kan hannuwa. Gen-Y kuma robar murɗawa suke amfani da ita. Tambayar ita ce wane motsi ne ya rage mini, kuma amsa ba ta da wuya: gaba da baya. Ga kuma santimita 15 ɗin nan tsakanin goshi da bodi da ba ni da ko ɗaya a kai. Akwati mai hawa da sauka zai riƙa cin ta duk lokacin da iska ta ragu. Na roba na zaɓa. Ba famfo, ba awon iska da safe.

A ra'ayina matashi ɗaya ya isa. Faranti mai iska a ƙasa, akwati mai iska a sama, kowanne na lilo a nasa lokaci, ban ga yadda za a san wanda za a gyara ba idan abu ya rikice.

Kafin oda sai an karanta lambar tsohon akwati. Nawa 1621 ne. Lambar ce ke nuna faɗi, jerin ramuka da tsawon hanci. Tsawon ya sauya, kinfin ya matsa, duk lissafin kwana ya sauya. Taurin roba kuma bisa iyakar nauyin tirela ake zaɓensa, wanda ke rubuce a jikinta ta gefen hagu. Roba mai laushi da yawa za ta kai ƙarshe ta buga, mai tauri da yawa kuma da ita da babu duk ɗaya.

4 ga Mayu

Akwati ya iso, an saka. Nauyinsa ba na ɗauka da hannu ba ne a tsayin kai, don haka mota muka sa ta yi dakon. Na haɗa tsohon da faranti, ƙafafun tirela na ɗauke da nauyinta, tayoyi da waigi. Muka cire maɓallin birkin gaggawa da akwatin wayoyi da ke jikinsa, muka kwance noti, muka tokare bayansa da katako a bodi, na matsa gaba a hankali, ya fito. Sabon ma haka ya shiga: kinfin a kulle cikin faranti, na dawo da baya har ya shige tsakanin fukafukai.

Daidaita ramuka da maɓallin ƙafafun tirela muka yi, taɓa sama, taɓa ƙasa. “Kaɗan, Yaya. Kaɗan kuma. Ya isa!” Ya zura tsinken ƙarfe mai tsini a rami ɗaya, sauran suka biyo. Yatsa ba ya shiga ramin nan ko da wasa.

Noti sababbi na sa, masu layi shida a ka, alamar daraja ta 8. Masu layi uku daraja ta 5 ne. Tsofaffin na zubar. Kafin a rufe na duba waldar fukafukai da tocila, tunda yau ce ranar da take a fili. Babu layin tsatsa, fenti bai tsage ba. Awon ƙarshe: santimita 15 tsakanin goshi da bodi, tirela a miƙe.

11 ga Mayu

Hanyar gwaji, kilomita 90. Kai-komo bai mutu ba, amma ya daina isowa wuya. Ana jin sa can ƙasa a kujera, tura mai laushi, ya zo ya wuce ba tare da ya tara ba. Bidiyon bodi ya nuna farantin kinfin yana zamewa gaba da baya a ƙarƙashin akwati, mota kuwa ba ta bi. Uwargida ta buɗe littafi a kan kankare, ta ce, “Maigida, wannan karon kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.”

Idan aka tambaye ni rabon kowanne: faranti da ƙarafan gindi su suka kashe ƙara. Bushin da daidaita tsayi suka rage abin da ke tasowa daga ƙasa. Roba ta haɗiye mafi yawan saura. Da robar na fara sakawa a kan tsohon makulli, da ratar nan uku suna nan suna bugu a ƙarƙashinta, in ce ba ta aiki.

Na bi noti duka da sifanar awo. Biyu a ƙarafan gindi sun ɗan karɓi ɗauri, abin da aka saba gani bayan tafiyar farko; na akwati da na sifirin ba su motsa ba. Na sabunta layin fenti, na ɗura giris a noti 14, ɗaya ya ƙi karɓa sai da na ɗaga casis nauyi ya sauka daga kansa.

Abin da ya rage: a doguwar gargada mai kwari da tudu, bayan tirela yakan yi lilo sama da ƙasa kafin ya natsu. Tirelar ba ta da shokazoba ko ɗaya, sifirin kaɗai ke aiki, don haka can zan nufa. Na auna wurin da ke tsakanin taya da casis, zai shiga amma da ƙyar a aksil ɗin gaba, saboda bututun ruwa. Sai na koma sikeli kuma, domin sabon faranti da sabon akwati duk sun fi tsofaffin nauyi, kuma a kan aksil ɗin bayan mota yake sauka. Adadin 5 ga Maris ya tashi aiki.